Awa 24 da alli a hannu

Akwai wani tsohon littafin lissafi a cikin akwatina, bangonsa duk tabon baƙin mai, wanda mai ɗakina ta sha tambayata dalilin da ya sa ba na jefar da shi. Wanda ya buɗe shi ba zai ga komi ba sai layukan lambobi: ƙarfe nawa, zagaye nawa, lita nawa, da harufan farko na sunayen mutum huɗu. Shi ne abin da ya rage mani daga shekaru uku da na yi ina jagorantar wata ƴar ƙungiyar masu tseren babura a yammacin Faransa, tun kafin in komo gida in kama aikin jarida. Ban taɓa hawan babur ɗin tseren ba, ko sau ɗaya. Aikina shi ne in ce wa wannan ya hau, in ce wa wancan ya sauka. A shafi na kusa da ƙarshe akwai suna guda da na ja wa layi da bik, da ƙarfe 4 da minti 10 na asuba. Labarin wannan layi na ke so in ba masu karatu, amma sai na fara da bayanin irin tseren, domin ba wanda muka sani ba ne.

In an ce tseren babura, mu nan abin da ke zo mana a rai shi ne Paris-Dakar, wanda tun fitowarsa ta farko, da ta bar Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Arlit da Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ya ci shi a kan Yamaha XT500. Wancan tsere ne na rairayi, mutum ɗaya da babur ɗinsa da hamada, kuma ya bar Afirka tun 2009. Wanda na ke magana a kansa daban ne. Ana yin sa a kan kwalta, cikin fili mai shinge, babura na ta kewaye hanya guda har awowin da aka yanka su cika, ko 4, ko 8, ko 24. Babur ɗaya ne ga kowace ƙungiya, mahaya kuwa suna karɓar juna. Wanda ya fi yawan zagaye lokacin da aka kaɗa tuta shi ya ci. Ana kiransa tseren juriya.

Uban irin wannan tsere shi ne Bol d'Or, watau Kwanon Zinariya, wanda Eugène Mauve ya ƙirƙiro a 1922 kusa da Paris. A wancan zamani mutum ɗaya ke tuƙi dare da rana, kuma Tony Zind, wanda ya ci na farko a kan babur Motosacoche, ya yi fiye da kilomita 1200. Sai a 1954 aka yarda mutum biyu su raba aikin, a 1982 kuma aka kai su uku. Gustave Lefèvre ya ci shi sau 7 a kan Norton, 5 daga ciki shi kaɗai. Tseren ya mutu bayan 1960, ya sake tashi a 1969 a Montlhéry, inda wasu samari biyu, Michel Rougerie da Daniel Urdich, suka ci a kan Honda CB750. A 1978 da Bol d'Or ya ƙaura zuwa filin Paul Ricard a kudancin ƙasar, garin Le Mans ya buɗe nasa tseren awa 24, Japan ma ta fara na awa 8 a Suzuka a shekarar. A filin Bugatti na Le Mans, wanda tsawonsa kilomita 4,185 ne, masu nasara kan wuce zagaye 800, watau fiye da kilomita 3300. Mai karatu ya ƙiyasta tafiya daga Yamai zuwa Damagaram kusan sau huɗu, ba tsayawa sai ta shan mai da sauya taya.

Abin da ya sa Faransawa ke ƙaunar wannan tsere shi ne, manya da ƙanana layi ɗaya su ke tashi. Ga ƙungiyar kamfani irin SERT ta Suzuki, wadda Dominique Méliand ya kafa a 1980 ya kuma riƙe ta har 2019, ga kuma ƙungiyar masu gyaran famfo da direbobi da suka ɗauki hutu daga wurin aiki. Wani lokaci ƙaramin ya kan ba da mamaki. A 2006 National Motos, ƙungiyar wani kantin sayar da babura na gefen Paris, ta ci awa 24 na Le Mans. Christophe Guyot, wanda malamin makaranta ne, ya kafa GMT94 a 1991, ta zama zakaran duniya a 2004. Irin waɗannan labarai su ne abincin ƴan ƙananan ƙungiyoyi, kullum ana maimaita su a gareji, ko da ya ke kowa ya san cikin ɗari da wuya ɗaya ya kai can.

Mu dai ko kusa da Le Mans ɗin manya ba mu kai ba. A ƙarƙashinsa akwai tsere-tsere masu yawa na ƴan sha'awa, a ƙananan filaye, kuma a nan muka yi rayuwarmu. Na shiga ne ba da niyya ba. Bayan na gama lise na tafi Faransa, na sami aikin ajiyar kayan gyara a wani garejin babura. Mai garejin da abokansa uku suna da ƙungiya, mai rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1901, amma ba su da mai riƙe masu lissafi. Da suka ga ina iya tuna lambar kowane ƙarfe a kan kanta, sai suka miƙa mani agogon awo da allo da alli. Shekara ba ta kewayo ba suka fara kirana "shef", da farko cikin ba'a, daga baya kuwa da gaske, sabili da kowannensu ya fi son hawa a kan ya zauna yana cike takardu.

Rabin aikin shugaban irin wannan ƙungiya bara ce, in faɗi gaskiya. Kuɗin shiga tsere, lasisin kowane mahayi, tayoyi, mai, birki, hayar motar ɗaukar kaya, abincin mutum 12 na kwana uku. A shekararmu ta ƙarshe tsere guda ya ci mana kusan yuro 3000, abin da ya tasam ma sefa miliyan 2, kuma babu ko dala da ake samu a madadinsa, sai kofin roba in an yi sa'a. Na bi mai gidan burodi, na bi mai gyaran rufi, na bi mai sayar da tabarau, ina sayar masu da wuri kamar tafin hannu a jikin babur domin a manna sunan shagonsu. Wanda ya ba da kuɗi kaɗan ne. Mai burodi burodi ya bayar, kuma daga baya na gane ya fi wasu amfani. Abin da ya rage mahaya ke cikawa daga aljihunsu. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne tushen wahalar: mutumin da za ka ba umurni shi ne ya biya kuɗin da ya sa kake tsaye a wurin.

Sauran rabin aikin kuwa ana yin sa ne makonni kafin tsere. Kafin a bar babur ya shiga fili sai masu bincike sun duba shi. Kusar da ake zubar da baƙin mai ta wurinta dole a huda kanta a ɗaure da waya, kada jijjiga ta kwance ta. A ƙarƙashin inji dole a sa wani kwano da zai tare mai in inji ya fashe. Cikin lagireto ruwa zalla ake zubawa, ban da maganin hana daskarewa, sabili da in ya zuba a kwalta santsinsa kamar na kuɓewa ne. Duk waɗannan dokoki ba domin mai babur aka yi su ba, domin wanda ke bayansa ne. Muna da wani dattijon makanike da ya yi ritaya, wanda ba ya yarda a ɗaure kusa sai ya ɗiga mata jan fenti, yadda da kallo ɗaya za a san wadda aka taɓa da wadda aka manta. Ya sa mu maimaita cire ƙafar baya da mayar da ita har sau ba adadi, da dare, fitila a kashe, yana riƙe da agogo. A lokacin muna ganin tsufa ne ke damunsa.

Kuskurena na farko na mai ne, kuma nawa ne ni kaɗai. Tsere ne na awa 6, da wani tsohon babur mai inji 600 da muka saya hannu na biyu. Ranar gwaji an yi ruwa. Na auna abin da babur ya sha a zagaye 20, na raba, na rubuta a littafi cewa tanki zai kai mu zagaye kaza. Abin da ban sani ba shi ne, a jiƙaƙƙiyar kwalta mahayi ba ya murɗa hannu sosai, inji kuma ba ya shan mai kamar yadda ya ke sha a busasshiya. Ranar tsere rana ta fito. Na ɗaga allo na ce wa mahayinmu saura zagaye biyu ya shigo, ya gyaɗa kai ya wuce, ba mu sake ganinsa ba. Mai ya ƙare masa a can ƙarshen fili. Doka ta ce mahayi shi kaɗai zai taɓa babur ɗinsa a wajen gareji, saboda haka ya turo shi da hannu ta hanyar gefe, cikin rigar fata da takalman tsere, fiye da kilomita guda. Da ya iso bai ce mani komi ba. Ya zauna a ƙasa ya cire hular kwano, gumi na zuba kamar an watsa masa bokiti. Tun daga ranar na koma auna mai a kowace tsayawa, in ga abin da aka zuba da abin da ya rage a jarka, in sake lissafi, kuma kullum in bar zagaye biyu na ajiya.

Manyan babura na gasar duniya tankinsu lita 24 ne, ba ya kai su awa guda cikakkiya, don haka su kan tsaya fiye da sau 20 cikin tsere. A nan ne ake ci, a nan ake faɗuwa. Lissafin mai sauƙi ne, amma mahayi ba ya son jin sa. In wani ya fi ɗan uwansa sauri da daƙiƙa ɗaya a kowane zagaye, cikin zagaye 40 ya ci daƙiƙa 40. In ya zame sau ɗaya, ko da bai ji ciwo ba, gyaran hannun birki da matakin ƙafa da fitila zai ci minti 20. Watau faɗuwa ɗaya tana cinye ribar awowi masu yawa. Haka kuma in ya shigo layin gareji da gudun da ya wuce ƙa'ida, ko aka zuba mai inji na aiki, ko babu mai riƙe da abin kashe gobara a tsaye, alƙalai za su tsayar da babur a matsayin horo. Saboda haka shugaba ba mafi sauri ya ke nema ba. Yana neman wanda zai yi zagaye 40 kamar an buga su da hatimi.

A cikin mahayanmu huɗu mai garejin shi ne mafi sauri, kuma shi ne mafi yawan faɗuwa. Na biyu direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, mutum mai sanyin hali wanda ya saba da aikin dare. Na uku saurayi ne ɗan shekara 20, na huɗu kuwa ma'aikaciyar gidan waya ce, wadda ba ta taɓa faɗuwa da babur ɗinmu ba har na bar ƙasar. Tsayinsu da nauyinsu ba ɗaya ba, babur kuwa ɗaya ne, don haka saitinsa bai yi wa kowa daidai ba, kuma kowa na ganin shi aka cuta. Wannan ma ni ake kawo wa ƙara.

A shekara ta uku muka yanke shawarar shiga tseren awa 24 na ƙananan babura masu inji 125, girman waɗanda ƴan kabu-kabu ke hawa a Maraɗi da Tawa, a kan wani ƙaramin fili mai kwana-kwana. Kada mai karatu ya raina. Gudun ba shi da yawa, amma babu miƙaƙƙiyar hanya da mutum zai huta, hannu da wuya da gwiwa kullum cikin aiki su ke. Babur ɗin na mai garejin ne, shi ya saye shi, shi ya biya fiye da rabin kuɗin shiga, kuma shekara biyu yana maganar wannan rana.

An tashi da ƙarfe 3 na rana, irin tashin da aka gada daga Le Mans: babura jere a gefe ɗaya, mahaya a ɗaya gefen, a kaɗa tuta su sheƙo da gudu su haye. Awowin farko sun tafi lafiya. Babu rediyo tsakaninmu da mahayi, allo ne kawai, don haka ina tsaye a bakin katanga ina rubuta lokaci da alli. Da duhu ya shiga duk babura suka zama fitilu masu kama da juna. Dattijon nan ya riga ya ɗaura mana wata ƴar koriyar fitila a gefe, da ita na ke gane namu. Tsakar dare muna na 9 cikin ƙungiyoyi fiye da 30, matsayin da ba mu taɓa mafarkinsa ba. Na ga yadda idon mai garejin ya canza da ya dubi takardar sakamako, kuma da na san abin da na sani yau, da na jinkirta hawansa.

Wanda ya san tseren dare ya san ba tsakar dare ce mai haɗari ba. Daga ƙarfe 3 zuwa fitowar rana ne, lokacin da sanyi ya sauka, raɓa ta kwanta a kwalta, taya ta huce ta daina kama ƙasa, barci kuma ya danne kowa, har mai riƙe da allo. Da ƙarfe 3 da ƴan mintoci koriyar fitila ba ta wuce ba. Na ƙirga daƙiƙa 10, na ƙirga 30. Babu abin da na tsana a duniya kamar wannan ƙirga. Can sai aka kaɗa tutar gargaɗi a wata kwana, bayan wani lokaci kuma sai ga shi yana turo babur, hular kwanonsa ta karce a gefen hagu. Makanikai suka rufa wa babur, a cikin rabin duhu, kuma a nan aikin dattijo ya nuna kansa: minti 14 suka sauya hannun babur da matakin ƙafa da fitila. Ma'aikaciyar gidan waya ta hau ta tafi. Shi kuwa aka kai shi wurin likitan fili kamar yadda doka ta ce, aka duba, babu karaya, yana amsa tambaya daidai, aka sallame shi.

Ya komo ya zauna kusa da ni, ya tambaye ni muna na nawa. Na ce na 14. Ya sha ruwa, ya yi shiru, sai ya sake tambayata muna na nawa. Na faɗa masa. Bayan kamar minti biyar ya dube ni da fara'a, kamar yanzu ya iso, ya tambaye ni muna na nawa, kuma wa ke kan babur. Direban motar marasa lafiya, wanda ke kwance a kan kwali yana jiran lokacinsa, ya ɗago kai ya dube ni. Bai yi magana ba, amma na gane. Maimaita tambaya bayan buguwar kai alama ce ta girgizar ƙwaƙwalwa, kuma alamun kan iya fitowa a makare, bayan an riga an duba mutum. Wanda ya sake buguwa kafin ta warke yana iya rasa ransa ko lafiyarsa har abada. Saura awa biyu lokacin hawansa ya zo.

Na daɗe ina duban littafin. In na cire shi, mutum uku za su raba awa 11 da suka rage, su da suka riga suka gaji, kuma gajiya ita ma haɗari ce. Babur nasa ne, kuɗi nasa ne, albashina na wata-wata ma daga hannunsa ya ke fitowa, ni kuwa baƙo ne a ƙasar, takardar zamana tana rataye da wannan aiki. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, duk wannan ya ratsa zuciyata, har na fara gaya wa kaina cewa ai likita ya sallame shi, ni wane ne. Sai na tuna cewa likita bai ji tambayar nan sau uku ba, ni na ji. Na ja layi a kan sunansa, na rubuta lokaci, na gaya masa ba zai sake hawa ba, kuma za mu koma wurin likita yanzu.

Abin da ya faɗa mani a gaban mutane ba zai rubutu a jarida ba. Ya tuna mani wanda ya ba ni aiki, ya tuna mani cewa ban taɓa hawan babur ba balle in san abin da mahayi ke ji. Na biyun gaskiya ne. Ya tashi zai ɗauki hular kwanonsa, sai dattijon makanike ya riga shi, ya sa ta cikin akwatin sifanu ya zauna a kai, ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Matarsa, wadda ke dafa mana abinci a bayan gareji, ita ta kama hannunsa ta kai shi. A wannan karo likita ya ji bayaninmu, ya hana shi hawa, ya tura shi asibiti a yi masa hoton kai.

Na sake tsarin gaba ɗaya. Na rage tsawon hawa daga awa ɗaya da rabi zuwa awa ɗaya, ko da ya ke hakan na nufin ƙarin tsayawa da asarar zagaye. Na rubuta wa saurayin a allo lokacin da ya fi nasa jinkiri da daƙiƙa biyu, na ce kada ya wuce shi. Direban ya ɗauki awowin asuba biyu mafi muni. Da rana ta fito hannun ma'aikaciyar gidan waya ya kumbura har sai an cire mata safa, amma ta ƙi a tsallake ta. Da ƙarfe 3 na ranar Lahadi aka kaɗa tuta, muna na 17. Ƙungiyoyin da suka gama duk suka fito bakin katanga suna tafa wa juna, na farko da na ƙarshe, kamar yadda aka saba. Ni dai na zauna a kan jarkar mai, alli ya cinye mani yatsu, na kasa tashi.

Hoton bai nuna zubar jini ba. An ce ya huta makonni, kada ya hau babur. Ya riƙe wannan a matsayin hujjar cewa da na bar shi da mun gama cikin goma na farko, kuma mai yiwuwa haka ne. Bai kore ni daga aiki ba, amma wata huɗu ba ya yi mani magana sai ta kayan gyara. Har yau bai tuna faɗuwar ba, bai tuna turo babur ba, bai tuna abin da ya faɗa mani ba, wasu ne suka ba shi labari. Ranar da zan taso gida ya kai ni tashar jirgin ƙasa da motarsa, muka yi maganar tayoyi da tsadar mai har muka isa. Da na sauke jakata sai ya miƙo mani littafin, wanda na bari a kan kanta domin wanda zai gaje ni, ya ce in tafi da shi, sun sayi sabo.